Kwana Talatin a Kwando

Zuwa ga 'yar Yayana, Injiniya,

Assalamu alaikum. Da fatan kin isa lafiya, kin kuma sami masana'antar da kike koyon aiki a cikinta yadda kika bar ta. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwar nan tawa da kika sani. Babanki da sauƙi, yana cin abinci, sai dai tun bayan tafiyarki harshensa ya ƙara nauyi, in ya haɗa magana biyu sai ya gaji. Mamanki tana gaishe ki, ta ce kin bar silifas ɗinki a ƙarƙashin gado.

Ki dubi takardar nan da kyau. Da hannu na rubuta ta. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina buga wa mutane takardu, tun ana dukan tafireta har aka zo kan kwamfuta, yau ni ce riƙe da biro kamar 'yar firamare. Tun ranar da kika cire mini tsohon tsarin kwamfutata kika ɗora wannan sabon naki, ita da firinta suka daina gaisawa. In na ce a buga, sai firinta ta ja takarda, ta yi dogon tunani, ta tofo mini ita fara fat. Sai na haura bene wurin Lauya in roƙi aron tasa, a gaban mutane.

Shi Lauyan ma saura kaɗan in rasa shi. Shekaranjiya ya kawo yarjejeniyar haya in gyara masa suna ɗaya tak. Ina buɗewa sai na ga layuka sun watse, lamba ta bakwai ta koma ƙarƙashin ta tara, wurin sa hannu ya gudu shafi na gaba ya zauna shi kaɗai. Ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce, "Gwaggo, ko dai tsufa ne ya fara?" Raina ya ɓaci har yamma.

Sannan wa ya ce a mayar da madannin rufe shafi hagu? Shekara goma sha huɗu yana dama. Ga kuma kalmar sirri. In zan gyara agogo, kalmar sirri. In zan sa filashi, kalmar sirri. Shagona, kwamfutata, amma kullum sai na nuna shaidar cewa ni ce ni.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, yana da nasa kirkin. Tsohon, in na kunna shi sai na share shago na goge tebur kafin ya farka. Wannan kafin in gama goge tabarau ya tashi. Tallace-tallacen nan da ke faɗo mini a tsakiyar aiki sun ɓace, kuma kin ƙara wa rubutu girma, idona ya huta. Na ji daɗi kuma da na ga ba a taɓa kwandon shara ba, yana nan a ƙasa ta gefen dama inda na san shi.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai wani aiki da muke yi ni da Babanki, shekara biyu ke nan. Shi yake faɗa, ni nake bugawa, tun lokacin da bakinsa yake sarai kafin ciwon shanyewar nan ya kama harshen. Shafi ɗari da arba'in da uku ne, kuma babu wani kwafi nasa a duniya sai wanda ke cikin kwamfutar nan. Kada ki tambaye ni ko mene ne, na yi masa alkawari. Tun da na ga abin da tsarinki ya yi wa takardar Lauya nake tsoron buɗe shi, kada ya watsa mini maganar Yayana, don ba zai iya sake faɗinta ba. Ki gaya mini gaskiya: in na buɗe, zai lalace?

Kada ki ce za ki kira ni. Kin san kunnena, wayar tana cikin durowa a kashe. Ki ba direba Sai-Gobe amsa, tunda shi ne mai bin hanyarku.

Gwaggonki

*

Gwaggona ta kaina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofar masana'anta, ina dariya ni kaɗai har mai gadi ya leƙo. Ina lafiya, aiki ne dai ba ya ƙarewa. Ki yi wa Baba sannu, ki ce masa ya riƙa motsa bakin kamar yadda likita ya nuna, ko da ba ya so. Silifas kuma na bar wa Mama.

Gwaggo, kin manta yadda na sami kwamfutar nan? Ƙwayoyin cuta sun yi mata gida, masu tsohon tsarin sun daina aiko masa da gyara tun bara waccan, ko wane filashi aka kawo sai ya bar miki tsaraba. Da na ƙyale ta, wata safiya za ki kunna ki tarar babu komai. Sabon nan kyauta ne, ba ya nauyi, kuma zai riƙe tsohuwar na'ura irin taki shekara biyar nan gaba. Maganar madanni kuwa, ba laifin tsarin ba ne, sabo ne kawai. Yatsunki sun tsufa a kan hanya ɗaya, shi ya sa komai sabo yake zame miki dutse. Ki ba su wata guda.

Firinta laifina ne, na yi sauri ban gwada ta ba. Ki shiga wurin saituna, ki danna hoton firinta, ki cire wadda ke ciki ki sake ƙara ta. A jerin da zai fito ki zaɓi ta biyu, ba ta farko ba. Takardar Lauya kuma, irin zanen harafin da ya yi amfani da shi ne babu a naki, sai tsarin ya musanya masa da wani mai ɗan faɗi, layuka suka ture juna. Wannan rauni ne na gaske, ba zan kare shi ba. In na zo hutu zan sa miki haruffan.

Kalmar sirrin da ta ishe ki, ita ce ke hana ɓarna shiga ba da saninki ba. Kuma akwai abubuwan da yake yi miki a ɓoye da ba ki lura ba. Yana sabunta kansa ba tare da ya kashe miki aiki a tsakiya ba. Yana share ƙurar da ke cika ajiya. Kwandon sharar ma da kika yaba, yanzu shi yake zubar da kansa: duk abin da ya yi kwana talatin a ciki sai ya goge shi gaba ɗaya, ba sai kin wahala ba.

Aikinku da Baba, ba zan tambaya ba, ko da yake kin san ni da son sani. Buɗewa ba ta lalata fayil. Ki fara yin kwafinsa a filashi, ki ajiye filashin a durowa, sannan ki buɗe hankalinki kwance. Don Allah ki yi kwafin yau, kada ki bari sai gobe kamar direbanmu.

'Yarki, Injiniya

*

Injiniya,

Muna lafiya. Babanki ya kwana huɗu a asibiti, jininsa ne ya hau, an sallamo shi ranar Talata. Yanzu kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa, ita ma sai an kai kunne. Mamanki ta rame da zirga-zirga.

Na karanta takardarki har zuwa inda kika ce yatsuna sun tsufa. A nan na tsaya, na ninke ta. Sauran ban duba ba, kuma ba ni da niyya. Yatsun nan su suka buga takardar neman shigarki makaranta, su suka buga miki aikin ƙarshen shekara cikin kwana biyu lokacin da kike kuka kin makara. Ranar ba su tsufa ba. Na tambaye ki abu ɗaya, na ce zai lalace ko ba zai lalace ba, sai kika buɗe mini aji.

Tunda ke ce mai ilimi, ga ƙarin darasi daga tsarin naki. Firinta har yau tana azumin magana. Ranar Laraba ya sabunta kansa, da na kunna da safe sai na tarar lasifika ta mutu, ranar Juma'a kuma ta dawo da kanta ba wanda ya taɓa ta. Wata malamar makaranta ta kawo jarrabawar lissafi, duk alamomin suka koma 'yan akwatuna. Na shiga wurin neman taimako, ya kawo mini shafi ashirin na bayani, ko ɗaya bai yi kama da matsalata ba. Wanda ya ƙera abin nan yana da kai, amma bai taɓa zama a shago mutum yana tsaye a kansa yana kallon agogo ba.

Kin ɗauka ni ban san ajiya ba ko? To bari in ba ki labari. Shekarata ta farko a ofis, Babban Akawunmu ya kira ni ya ce, "Yarinya, duk abin da kika kulle a kabad, kin sanar da ɓarawo inda yake. Amma ba mai sunkuyawa ya duba kwandon shara." Takardun da suka fi muhimmanci a ofishin nan, a ƙasan kwandon shara na saƙar waya da ke gefen teburinsa suke kwana, an rufa musu tsohuwar jarida, masu shara kuma an ja musu kunne. Har ya yi ritaya ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ni ma haka na tashi. Kwandon wayar da ke ƙarƙashin teburina ba na shara ba ne, takardarki ma a ciki na sa ta.

Da kwamfuta ta zo, na ga ita ma tana da kwando, sai na ci gaba. Mutane suna zama a gefena suna leƙen folda-folda, Mamanki ma takan zo ta nemi hotuna, amma ba wanda ya taɓa buɗe kwando. In zan yi aiki in ciro, in na gama in mayar. Shekara goma sha huɗu ban rasa ko waƙafi ba.

Da na ji za ki zo, na san hannunki ba ya barin komai, sai na ari filashin Lauya na kwashe aikin Babanki a ciki. Washegarin tafiyarki na zuba shi a kwandon sabon tsarin, na goge filashin tas na mayar wa mai shi. Yau kwanansa ashirin da ɗaya a can lafiya lau, ban taɓa shi ba, kuma ba zan taɓa ba sai kin zo kin gyara ɓarnarki. Kin ga ke nan tsofaffin yatsu ma sun san abin da suke yi.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ki yi haƙuri, gaisuwa a taƙaice, ina fata kuna lafiya.

Yanzun nan takardarki ta shigo hannuna. An tura ni reshenmu na bayan gari mako biyu, Sai-Gobe ya bar ta wurin mai gadi, tana nan a aljihunsa har na dawo. Na ƙirga a yatsu sau uku, yau kwana talatin da biyar.

Gwaggo, sabon tsarin yana goge duk abin da ya yi kwana talatin a kwando. Na rubuta miki a waccan takardar, a ƙasa da inda kika tsaya.

Na kira wayarki, a kashe. Na kira Mama na ce ta je shago ta zare wayar kwamfutar daga bango, ban faɗa mata dalili ba saboda alkawarinki. Don girman Allah kada ki kunna. Kada ki duba, kada ki nema, kada ki buga ko harafi ɗaya. Abin da aka goge yakan ɗan zauna a faifan ajiya kafin sabon aiki ya hau kansa, duk abin da kika ƙara yi yana taka shi ne.

Ki kwantar da akwatin kwamfutar, ki kwance noti biyu na baya, ki zare murfin. Faifan shi ne ƙarfen nan mai girman tafin hannu, da noti huɗu da waya biyu. Ki naɗe shi a tawul ki ba Sai-Gobe hannu da hannu, ki ce masa in ya ajiye shi wurin mai gadi ni da shi ne.

Maganar yatsu, na yi kuskure. Ki yafe mini.

'Yarki

*

Injiniya,

Muna nan. Babanki yadda yake.

Mamanki ta zo ta yi mini ihu a kunne wai kin ce a kashe kwamfuta. Kin san ni. Na ce ba wanda zai ba ni umarni a shagona ba dalili, tana fita na buɗe kwandon in tabbatar. Fari fat. A tsakiya an rubuta wai babu komai a kwando, har da ɗan hoto mai kyau.

Na rufe na sake buɗewa. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na wuni ina bincike folda bayan folda, duk abin da kika ce kada a yi na yi shi kafin takardarki ta zo. Kuma a kwanakin nan biyar na buga wa Lauya shafi sittin, na zuba hotunan yaye ɗaliban wata makaranta guda ɗari uku. Gara ki sani.

Da takardarki ta iso, na sunkuya na ciro waccan daga kwandon waya, na warware ta. Ga shi nan da rubutunki, layi goma sha ɗaya a ƙasa da inda na ninke. Tun aikin yana da kwana sha biyu a kwandon kwamfuta maganar take kwance kusa da ƙafata. Har gyaran firinta yana ciki.

Amma ki bar ni in faɗi wannan, don ya tsaya mini a wuya. Abin nan ba ya bari in gyara agogo sai ya tambaye ni kalmar sirri. Ya ɗauki shekara biyu na maganar Yayana ya zubar, bai tambaye ni komai ba. Ko ɗan ƙara bai yi ba.

Tunda za ki gani in Allah ya sa an samu, gara ki ji daga bakina. Tarihin rayuwarsa ne, tun daga yarinta har shagon gyaran rediyo, har ke. Naki ne. Ya so ya miƙa miki ranar da za ki karɓi takardar kammala karatu. Kowace Asabar yakan zo ya zauna a kujerar masu jira ya yi ta faɗa, wani wurin ya yi dariya, wani wurin ya ce in dakata ya fita waje.

Ban faɗa masa ba. Jiya na kai masa ruwa, ya kama hannuna ya yi alamar bugawa da yatsu, yana tambaya. Na ce masa yana nan. Ban taɓa yi wa Yaya ƙarya ba sai jiya.

Ga faifan a tawul. Noti ɗaya ya faɗa bayan kabad.

Gwaggonki

*

Gwaggona,

Ina gaishe ku duka. Faifai ya iso lafiya, wannan karon Sai-Gobe har ɗakin aikinmu ya shigo da shi a ƙirji.

Ba zan ja miki rai ba. Shafi tara na samu.

Kwana uku muna kansa ni da shugaban sashenmu, ya ba ni na'urarsa da duk dabarar da ya sani. Hotunan ɗaliban nan sun zauna daidai a kan wurin. Abin da ya tsira guntu-guntu ne: shafi huɗu a kan makarantar da ya bari, uku a kan ranar da ya fara ganin Mama ta kawo gyaran rediyon babanta, sai biyu a kaina.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Sharar kwandon nan ba dole ba ce. Ranar da nake ɗora tsarin ya tambaye ni ko a riƙa yi, na danna "e" ina cin gyaɗa, ko ɗago kai ban yi ba, alhali kina zaune a bayana kina ninke takardu. Ya yi tambayar sau ɗaya, ya yi wa wadda ba ita ce mai shagon ba. Ni kuma na zo gyara miki kwamfuta ban tambaye ki yadda kike aiki da ita ba. Har yanzu ina ganin tsarin yana da kyau, amma ban ƙara iya yabonsa da baki cike ba.

Shafuka biyun nan, labarin rediyon Mai Shayi ne. Ina da shekara bakwai, Baba ya fita, na hau kujerarsa na kwance rediyon mutane ɗaiɗai. Abin da na riƙe a raina tun ranar shi ne tsawar da ya daka mini a gaban jama'a, da yadda ya kore ni gida, ya kuma yi wata guda bai bar ni na taka shagon ba. Na girma ina ganin ranar ce ya yanke cewa ni maɓarnaciya ce. Ko da na zaɓi karatun nan bai ce mini komai ba, sai "to".

Shafin ya yanke a daidai inda yake cewa ya kore ni, ya jawo ƙofar shago, ya juyo ya dubi teburin. Daga nan sai tarkacen alamomi.

Gwaggo, ke kika buga. Me ya gani a teburin? Na karanta wurin ya fi sau ashirin. In kin manta ba komai, amma in kin tuna ko kalma biyu ce ki rubuto mini.

Na sayi sabon faifai, zan zo da shi ƙarshen wata. In kina so in mayar miki da tsohon tsarin, zan mayar, ba gardama.

'Yarki

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Mamanki tana gaisuwa. Za ki ga harafin "a" yana ɗan tsalle sama da layi. Tsohuwar tafiretata ce na sauko da ita daga kan kabad, na sa mata mai, Lauya ya samo mini ƙyallen tawada a wani tsohon kanti. Ba ta tambaye ni kalmar sirri ba.

Na faɗa wa Babanki. Ranar Asabar na ɗauki tafireta a tasi na kai ɗakinsa, na rufe ƙofa, na gaya masa komai, har da ninke takardarki da na yi don fushi. Ya juya fuska bango. Na zauna ya kai rabin awa, bai waiwayo ba. Ban san abin da zan yi ba, sai na zura takarda na fara bugawa, ina faɗin maganarsa da ƙarfi yadda kunnena zai ji. Ashe yatsun nan sun riƙe fiye da yadda na zata. Abin da na buga sau ɗaya na gyara sau uku, yana fitowa da kansa.

Na fara da rediyon Mai Shayi, tunda shi kika tambaya. Da na kai wurin notuna na ce guda goma sha biyu. Sai na ji an bugi katifa. Na juya, yana kallona ido jajir, bakinsa yana rawa. Ya ce, "Sha huɗu." Sarai, har Mamanki ta jiyo daga tsakar gida ta shigo da gudu da ludayi a hannu. Rabon da a ji kalma biyu a jere daga bakinsa tun kafin asibiti.

Haka muke yi yanzu kullum da hantsi. Ni in faɗa, in na yi daidai ya lumshe ido, in na kauce ya bugi katifa. Mun yi shafi goma sha ɗaya. Ba zai kai ɗari da arba'in da uku ba, kada ki sa rai. Akwai wuraren da na manta, shi kuma ba shi da bakin tuna mini, sai mu dubi juna mu wuce. Waɗannan sun tafi, kuma ni da ke da tsarinki duk da hannunmu a ciki.

Tsarin ki bar shi, na riga na fara sabawa da hagun. Ki dai kashe masa tsintsiyar nan mai share kwando, ki sa firinta ta yi magana, sannan ki zauna kusa da ni wuni ɗaya ki ga yadda nake aiki kafin ki sake taɓa komai.

Na ce masa a jira ranar karɓar takardarki ta kammala karatu kamar yadda ya tsara. Ya bugi katifa, ya nuna ƙofa, wato in aiko miki yanzu. Don haka ga wurin da kika tambaya, ya ji shi sau biyu bai bugi katifa ba:

"Na jawo ƙofar shago na juyo na dubi teburin. Yarinyar nan ta jera notuna goma sha huɗu daga ƙarami zuwa babba. Duk abin da ta ciro ta ajiye shi bi da bi daga dama zuwa hagu, yadda ta ciro shi. Na bi layinta daga ƙarshe na mayar, ko noti ɗaya bai ragu ba. Wajen mayarwa na ga wata 'yar waya da ta tsinke a ƙarƙashin allo, wadda na yi mako guda ina nema. Na haɗa ta, na kunna, rediyo ya yi magana. Mai Shayi ya yi ta yabona a unguwa, ni kuma na karɓi yabon ban ce komai ba. Na hana ta shago wata guda don ina tsoron wuta ta ja ta, kuma don ina jin kunya. Tun ranar na san ta fi ni hannu. Shekara goma sha shida ina neman yadda zan faɗa mata."

Ki zo da wuri. Kwafin kabon yana cikin kwandon waya, kin san wurin.

Gwaggonki